Jinin da bai zo ba, ina yake tafiya?

Saƙonnin da suka iso filin lafiyar iyali a wannan watan kusan duka a kan jini suke: wanda ya ɗauke, wanda ya ƙi tsayawa, da wanda yake zuwa da ciwo. Mun zaɓi biyar daga cikin Maraɗi da kewaye, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Ƴaƴana huɗu. Na je likita aka yi mini allurar wata ukku, yanzu sau ukku ke nan ina karɓa. Da fari jini ya riƙa ɗigo mini ba tsari, yanzu kuma wata huɗu ban ga komi ba. Uwar mijina ta ce taruwa yake a mara, shi ya sa na yi ƙiba, kuma wata rana zai toshe mini haihuwa. In daina?
*Wata mai karatu, unguwar Zariya*

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Jinin bai taru ba, domin tun farko jiki bai tanade shi ba.

Mahaifa ƴar jaka ce ta tsoka, idan babu ciki ba ta kai dunƙulen hannunki ba. Kowane wata tana yin shimfiɗa a bangonta na ciki, mai taushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini, don idan ciki ya shiga ya sami wurin kwanciya. Kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ƙwai ɗaya yana fitowa. Idan bai haɗu da maniyyi ba, sinadaran da ke riƙe da shimfiɗar sai su sauka, ita kuma ta saɓule ta fito. Jinin haila ke nan. Duk kwanakin nan da mace ke yi tana canza ƙunzugu, jinin da ke fita yawanci tsakanin mililita 30 zuwa 80 ne, wato cokalin cin abinci biyu zuwa biyar.

Allurar tana ɗauke da sinadari mai kama da wanda jikin mace ke yi da kansa bayan fitar ƙwai. Tana hana ƙwan fita, tana kauraro majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba, kuma tana hana shimfiɗar yin kauri. A watannin farko shimfiɗar tana sirancewa tana ɓarewa kaɗan-kaɗan, shi ne ɗigon da kika gani. Daga baya ta yi sirantar da babu abin zubarwa. Kusan rabin matan da suka shekara a kan allurar haka suke. Ki yi wa Inna tuni cikin ladabi: ita kanta lokacin da take goyo ta sha yin shekara ko fiye ba ta ga wanki ba, kuma ba wanda ya ce jini ya taru mata. Hanyar ɗaya ce. Ga macen da ta haihu huɗu, a ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa mata katutu, wannan hutun ma riba ne.

Ƙiba kuwa gaskiya ce ga wasu, kilo ɗaya zuwa biyu a shekara, amma ba ta taruwar jini ba ce.

Inda maganar Inna ta ɗan taɓa gaskiya shi ne jinkiri. Allura ba ta kashe haihuwa, amma ta fi kowace hanya daɗewa kafin ta saki jiki. A matsakaici, mace kan ɗauki ciki wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe, wasu har su wuce shekara. Yawan shekarun da aka yi ana karɓa ba ya ƙara wannan jinkirin. Saboda haka idan ku da maigida kuna son ciki a damina mai zuwa, ba a damina za ki daina ba. Ki yi lissafi baya. Macen da hutun shekara ɗaya kacal take so, ƙwayoyi ko ashanar hannu, ƴar sandar da ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse, sun fi dacewa da ita, don su da an daina haihuwa ke dawowa.

Ki kiyaye ranar da aka rubuta miki a kati. Ana maimaita allurar duk mako 13. Kina iya zuwa mako biyu kafin ranar, kuma idan kin makara har zuwa mako huɗu za a yi miki ba tare da wani sharaɗi ba. Idan ya wuce haka, sai an tabbatar ba ki da ciki, sannan ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna kwana 7 bayan allurar. Idan nisa ko aikin gona ke sa ki makara, ki tambayi ungozoma game da Sayana Press, ƴar ƙaramar allura ta ƙarƙashin fata da ake yi a fatar ciki ko ta cinya. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu na Afirka da aka fara gwada ta a 2014, kuma ana koya wa mace ta yi wa kanta. Kada a murza wurin bayan an yi.

Abin da zai sa ki koma asibiti ba jiran rana: jini mai yawa da ya wuce kwana 8, jini bayan saduwa, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara tare da jiri. Na ƙarshen nan yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma ba ya jiran gari ya waye.

Mata da yawa suna haɗa wannan tambayar da ta salla, saboda ɗigon nan yana rikita su. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada sananniya kuma tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne. Yadda za a lissafa ɗigo mai yankewa yana dawowa kuwa, wannan aikin malamai ne. Namu shi ne mu ce ki riƙa rubuta ranakun, don malami da ungozoma duka abin da za su fara tambayarki ke nan.

Matata ta haihu wata biyar ke nan, tana ba da nono, ba ta ga wanki ba. Ɗiyarmu ta fari kwanika ta same ta, ta sha wahala ƙwarai. Abokina ya ce muddin ba ta ga jini ba ciki ba ya shiga. Haka ne? Muna ba yaron ruwa saboda zafi, kakarsa kuma ta fara ɗanɗana masa kunu.
*Wani magidanci, Tibiri*

Malam, madalla da kai ne ka yi tambayar. Abokinka ya faɗi kashi ɗaya cikin uku.

Shayarwa tana hana ciki da gaske, kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu a lokaci guda: jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a barin tazarar da ta wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare. Dalili shi ne tsotson da yaro ke yi shi ke aika wa ƙwaƙwalwar uwa saƙon ta dakatar da fitar ƙwai. Duk abin da ya cika masa ciki, kunu ne ko ruwa, yana rage tsotso, saƙon ya raunana. A gidanka sharaɗi ɗaya ya riga ya karye, na wata 6 kuma saura masa wata ɗaya.

Ga inda ake faɗawa: ƙwai yana riga jini fitowa da kamar mako biyu. Mace tana iya sakin ƙwan farko bayan haihuwa, ciki ya shiga, ba ta taɓa ganin ɗigo ba. Sai a wayi gari ana cewa nono ya tsinke, ashe ciki ya yi wata uku. Jiran ganin wanki kafin a je asibiti shi ne babbar ƙofar kwanika.

Game da ruwa, mun san zafin Maraɗi a bazara, kuma mun san da wuya a hana kaka. Amma fiye da kashi 85 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwa ta sha ruwa sosai, ta yawaita ba shi nono, ya ishe shi har wata 6. Ruwan randa ga jariri ƙarami gudawa yake jawowa.

Ku je cibiyar lafiya a wannan makon. Mai shayarwa tana iya ɗaukar ashanar hannu ko ƙwayoyin masu shayarwa tun daga haihuwa, allura daga mako 6, wato daidai da fitar arba'in, robar mahaifa kuma ko dai cikin awa 48 na farko ko bayan mako 4. Ƙwayoyi masu sinadari biyu ne kaɗai ake jinkirtawa sai yaro ya cika wata 6, don suna iya rage nono. Tun 2006 gwamnati ta sa kayan tazarar haihuwa cikin abubuwan da ake bayarwa kyauta a cibiyoyinta, tare da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Wani lokaci irin da ake so yakan yanke. Idan haka ta faru a karɓi wanda ke akwai a riƙe kafin ya zo, kada a koma gida hannu wofi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar wata 24 daga haihuwa kafin wani ciki ya shiga, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce ta cikar shayarwa da ke cikin suratul Baƙara.

Abu guda game da ɗiyarku ta fari, don kada a maimaita. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaron kwanika shi ne yayen rana ɗaya: a shafa wa nono ɗaci, a kai shi gidan kaka, a bar shi da kunu tsararo. Daga nan gudawa da tamowa suke shiga. Ko ciki ya shiga, uwa mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, a ƙara mata abinci, a yaye a hankali.

Ƙwayoyi nike sha, masu guda 28 a kati. Mun tafi biki Madarunfa na manta su gida, kwana ukku ban sha ba. Da na dawo na haɗiye ukkun gaba ɗaya, na yi ta amai. Mi ya kamata in yi?
*Wata amarya, Sabon Gari*

Amarya, haɗiye uku a tashi ɗaya ba ya rama abin da ya wuce, tashin zuciya kawai yake kawowa.

A katin nan, 21 na farko su ne masu aiki, 7 na ƙarshe masu launi daban ba su da sinadarin hana ciki. Idan ɗaya ko biyu kika manta, ki sha ɗaya da zarar kin tuna, ki sha ta ranar a lokacinta ko da sun zama biyu a yini, shi ke nan. Idan uku ne ko fiye, ki sha ɗaya kacal, ki ci gaba kullum, ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura kwana 7. Idan mantuwar ta faɗo a mako na uku, ki ƙarasa masu aikin, ki jefar da bakwai ɗin ƙarshe, ki buɗe sabon kati washegari. Wanda ya fi haɗari shi ne mantuwar makon farko, ko makara wajen fara sabon kati, don jiki ya riga ya yi kwana bakwai ba magani.

Idan kun sadu cikin kwana 5 da suka wuce, akwai ƙwayar gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5. Ta fi aiki cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Jinkirta fitar ƙwai take yi. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Idan aka yi amai cikin awa 2 da shan ta, a sake. Haka ma ƙwayar kullum. Idan al'ada ta makara fiye da mako ɗaya, ki yi gwajin fitsari.

Masu shan ƙwayoyin masu shayarwa su lura, nasu ba su da wannan sassaucin. Duk ƙwayoyin katin masu aiki ne, babu hutu tsakanin kati da kati, kuma ga wadda al'adarta ta dawo, makarar awa 3 mantuwa ce, sai an kiyaye kwana 2. Ku ɗaura shan da wata salla, Isha'i ta fi, don ko azumi ya zo lokacin bai motsa ba.

Ba mu sani ba ko an auna ki kafin a ba ki. Ƙwayoyi masu sinadari biyu, irin naki, ba su dace da mai hawan jini ba, daga 14 bisa 9 zuwa sama, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Maganin tarin fuka na rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna karya ƙarfin ƙwayoyi da na ashana, amma ba sa taɓa allurar wata uku da robar mahaifa. Mai tallar magani a faranti ba zai tambaye ki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma katin da ya yini a rana a bakin kasuwa ba mu da tabbacin abin da ya rage a cikinsa.

Ɗiyata shekararta 14, bara ta fara. Wani lokaci sai ta yi wata biyu ba ta gani ba. In ya zo kuma ciwon mara har ba ta zuwa lakwal, kwana biyu tana kwance. An ce mini sai ta yi aure zai bari. An kuma ce in hana ta shan zaƙi da tsami.
*Wata uwa, Gidan Rumji*

Hajiya, tsallaken wata a shekara biyu zuwa uku na farko abu ne da aka saba gani, don ƙwai bai fara fita a kan tsari ba. Idan ta daidaita, tazarar da ke tsakanin ranar farko ta wannan al'ada da ranar farko ta mai zuwa takan kasance kwana 21 zuwa 35, ga ƴan mata har 45. Idan ta yi wata uku cur ba ta gani ba, a kai ta a duba.

Ciwon kuwa yana da sanadi sananne. Lokacin da shimfiɗar mahaifa za ta fita, tana sakin wani sinadari da ke sa tsokar mahaifa ta matse, kamar ƙaramar naƙuda. Wasu jikinsu ya fi yin sa da yawa, shi ya sa har da amai da gudawa da ciwon baya. Ibuprofen yana toshe wannan sinadarin, shi ya sa ya fi parasitamol aiki a nan. Miligiram 400 duk awa 8, bayan cin abinci, kwana biyu zuwa uku. Sirrin shi ne lokaci: a fara da alamar farko, kada a jira sai ta kwanta tana murƙususu. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asma da irin wannan magani ke tayarwa, ba ta sha. A cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe da zane, a ɗora a mara. Yana taimakawa fiye da yadda ake zato. Aure ba magani ba ne. Ciwon yakan ragu da shekaru ko bayan haihuwa, amma yarinya ba za ta yi ta asarar kwana biyu na karatu duk wata tana jiran wannan ba. Idan an yi wata uku ana ba da maganin daidai bai yi ba, ko ciwon yana ƙaruwa, a je a yi hoton ciki.

Zaƙi da tsami ba sa ƙara jini, ba sa tsayar da shi. Abin da za ki sa wa ido shi ne yawansa: jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, gudaji da suka fi kwabon dala ashirin girma, ko wuce kwana 8. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba. Idan ta yi fari, ga kasala, ga haki, ga kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara, a auna jininta. Hanta, nama, wake da zogale suna gina jini, ɗan lemun tsami a kai yana taimaka wa hanji ya tsotse ƙarfen, shayi a kan abinci kuma yana hanawa. Idan an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce, kuma ana ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai.

Tsumma mai tsabta ba shi da laifi idan audugar kanti ta yi tsada. A canza duk awa 4 zuwa 6, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Kuskuren ƴan mata shi ne ɓoye shi da danshi a ƙarƙashin katifa don kunya. Ki ba ta wani lungu a igiyar shanya, ko ta rufa masa siririn gyale.

Ina son in sa ashanar hannu, amma maƙwabciyata ta ce tana yawo a jiki har ta kai zuciya, roba kuma maigida yana jin ta.
*Wata mai karatu, Tasawa*

Baiwar Allah, ashana tana zama inda aka sa ta, ƙarƙashin fatar dantse ta ciki, kuma kina iya taɓa ta da yatsa. Jadelle sanda biyu ce ta shekara 5, Implanon ɗaya ta shekara 3. Ana kashe wurin da allura, aikin mintuna kaɗan ne, a bar bandeji kwana biyu ba ruwa. Daka da ɗaukar ruwa ba sa motsa ta. Nutsewar da ake labari abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma yana zuwa ne daga sakawa da zurfi, shi ya sa sai wadda aka horar. Ki taɓa ta a gaban ungozoma kafin ki tashi. Ranar da kika laluba ba ki ji ta ba, ki je a duba. Ainihin abin da ke sa mata cire ta shi ne jini mara tsari, kuma akwai maganin kwana biyar da ake bayarwa ya lafa. Cirewa haƙƙinki ne duk ranar da kika so, ba sai wa'adi ya cika ba.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadari, tana kai shekara 10 zuwa 12. Tana ƙara yawan jini da ciwon mara a wata uku zuwa shida na farko, don haka mai ƙarancin jini ta fara gyara wannan. Robar kanta tana can cikin mahaifa, namiji ba ya kai gare ta. Abin da yake iya ji zare ne siriri guda biyu da ake bari a bakin mahaifa don ranar cirewa, kuma suna laushi da kansu. Idan ya dame shi, ki koma ungozoma ta gyara tsawonsu. Ana komawa dubawa bayan al'adar farko ko mako 3 zuwa 6 da sakawa, don a watannin farko ne takan zame ta fito, sau da yawa tare da jinin al'ada, sai ki riƙa duba ƙunzugu kafin ki wanke.